Karnukan da Suka Rage a Allon Oraha

Detroit, 9 ga Satumba, 1957

Zuwa ga Yaya Yaldo,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da matarka Shoshe da yara. Mu nan sai godiya. Maigidana Tobiya yana fama da kanti, ni kuma ina fama da Tobiya. Na san za ka yi mamakin ganin rubutuna, don rabona da kai tun ina 'yar shekara shida, ranar da muka bar Mosul, kana ja min gashi a bakin mota. Ban yafe ba har yau, amma ba shi ya kawo ni ba.

Tambaya gare ni, kuma kada ka yi min kwana-kwana. Mahaifinka, Baffa Marogi, yana raye?

Ka fi ni sanin yadda shi da Baba suke wasan tawli, na tura 'ya'ya a kan allo, ta wasiƙa, shekara ashirin da takwas ke nan. Kowa da allonsa a gabansa. Baffa ya jefa wa Baba zar, 'yan ƙasusuwan nan biyu masu ɗige-ɗigen lamba, a can ya rubuto abin da ya faɗi, Baba ya jefa wa Baffa a nan, kowa sa'arsa na hannun ɗan'uwansa. Bara aka ce mana idon Baffa ya yi rauni, kai kake rubuta masa abin da ya faɗa. Ni dai na yarda.

Shekaranjiya na gama karanta wa Baba wasiƙarku, sai na ji ya ce, "Allah ya jiƙan Marogi." Na ce, "Haba Baba, wace irin magana ce wannan?" Ya ce in maimaita masa layin ƙarshe. Na karanta: na matsar da pul biyu.

"To, kin ji," in ji shi. "Pul! Marogi ko wuƙa aka sa masa a wuya ba zai kira 'ya'yan tawli pul ba. Wannan sunan 'yan gidan shayi ne, a bakin Turkawa suka tsinto shi. Mutanen Farisa su ce muhra, mutanen Sham su ce duwatsu, Misrawa su ce kushat, waɗannan Amirkawan kuma wai mazaje, sai ka ce an taɓa ganin namijin da ke zama inda aka ajiye shi. Kakanku kuwa, da ya ƙare rayuwarsa yana kwafar tsofaffin littattafai a coci, karnuka yake ce musu, don haka ya tarar a rubuce. Mu biyu muka rage masu faɗar haka. Tun wasiƙar farko da yaron nan ya rubuto na san ɗan'uwana ya tafi."

Na ce to me ya hana shi magana duk tsawon watannin nan? Ya ce, "Ba a gama wasa ba."

Yaya, Baba ya rame. Likita ya duba shi sama da ƙasa bai ga komai ba. Yini yake a gaban allon nan. Akwai abin da nake jin nauyin sa wa a takarda, kada ka ce Amirka ta taɓa min kai. Abu guda nake roƙo: ka sassauta masa a wasan nan. Ka gane ai.

Ƙanwarka,
Warina 'yar Oraha

Mosul, 2 ga Oktoba, 1957

Ƙanwata Warina,

Wasiƙarki ta same mu lafiya. Shoshe na gaishe ki, ta ce in gaya miki har yanzu ban daina jan abin da ba nawa ba. Ki gaishe da Tobiya, ki ce ina yi masa jaje.

Ramin ƙarya ƙurarre ne. Baba ya rasu ranar ashirin ga Yuli na bara, da hantsi, bayan jinyar kwana tara. Kunya ta ishe ni, ban san da wane ido zan dubi Baffa Oraha ba. Amma ki ji uzurina. Ana gobe zai rasu ya sa aka kawo masa allon har kan gado, ya daɗe yana kallo, sannan ya kama hannuna ya ce, "Kada ka rufe shi. Ka riƙa jefa wa Oraha, abin da ya faɗi shi za ka rubuta." Na ɗauka so yake a ɓoye wa ƙanensa mutuwar. Shi ya sa na ƙirƙiro zancen ido.

Batun karnuka kuwa, laifina ne. Tun ina yaro nake jin Baba na faɗa, mu kuwa mu yi ta dariya a ɓoye. Da na zo rubutawa sai na ga malamin lissafi guda kamata ba zai zauna yana rubuta wa Amirka cewa kare ya matsa gida biyar ba. Na sa kalmar da kowa ke faɗa. Ashe da hannuna na aika sanarwar rasuwa.

Roƙonki kuma na gane shi sarai, kuma na riga na cika. Kin san a allon akwai ɗan tawli guda na Baba da ya toge a cikin gidan Baffa, ya hana shi sakewa ya fitar da nasa. Da Baba ne, sai ya bar shi nan ya yi ta ba shi wahala har baɗi. Ni kuwa na janye shi. Yanzu hanya a buɗe take, 'ya'ya goma suka rage wa Baffa ya fitar, ga kuma jifarsa, shida da uku. Kafin bikin Ista ya cinye wasan, ya yi ta yi mana gori. Tsoho ai a bar shi ya ji daɗi.

Yayanki,
Yaldo

Detroit, 21 ga Oktoba, 1957

Yaya Yaldo,

Muna lafiya. Allah ya jiƙan Baffa, ya ba ku haƙuri. An yi masa addu'a a coci ran Lahadi, Baba bai je ba, ya ce ba a yi wa wanda kuke tsakiyar wasa da shi bankwana.

Yanzu bari in juyo kanka. Kai jama'a! Wai kai ne malamin makaranta? Na ce ka sassauta, kai kuma ka wangale masa ƙofa. Nufina ka ja wasan, ka riƙe shi, ka yi ta jinkiri. Amma laifina ne da na tsaya kunya. Ga ta nan a fili.

Baba ya ce ranar da za mu taho, shi da Baffa sun yi alkawari a gaban kakarmu cewa ba wanda zai tashi ya bar ɗan'uwansa da allo a buɗe. Ya ce Baffa bai tafi ba tukuna, yana zaune yana jira. Ran da karen ƙarshe ya fita, za su rufe allo su tashi tare. Haka ya gaya min yana ɓare lemo, ko a jikinsa.

Da a baki abin ya tsaya da sauƙi. Ran da wasiƙarka ta zo, ya fitar da biyu. Kowanne ya ɗaga shi kusa da bakinsa ya ce, "Je ka, ka ce ina tafe." Washegari ya ba Tobiya agogonsa, ya ba maƙwabcinmu rigar sanyinsa, ga hunturu na ƙaratowa. Kujerar da ke ɗaya gefen allon ba ya bari kowa ya zauna a kai. Rannan da tsakar rana na shigo da shayi, ya ce, "Kewayo ta nan, kada ki taka masa ƙafa." Na kewaya, Yaya. Ni da nake yi wa matan coci dariya in sun fara zancen mafarki, na kewaya.

Takwas suka rage. Ga jifar da ya yi muku, huɗu da ɗaya. In ka zo jefa masa, ko me ya faɗi, ka rubuto mafi ƙanƙanta. Ka yi ƙarya, ai ka saba. Ba ni da kowa a ƙasar nan da zai kira ni da sunan da uwata ke kirana sai shi. Ina tsoro, kuma ban shirya ba.

Warina

Mosul, 14 ga Nuwamba, 1957

Ƙanwata,

Lafiya lau muke, sai ɗan tari da ƙaramar 'yarmu ke yi. Zagin da kika yi min na karɓa, na ci abina.

Ki kwantar da hankalinki. Tsufa ne da kewa, ba wani abu ba. Kare dai itace ne, zar kuma ƙashi, ba su san Oraha ba, ba su san Marogi ba. Duk da haka na bi maganarki. Na jefa, don Baba ya ce in riƙa jefawa, amma abin da ya faɗi ya tsaya tsakanina da tebur. A takardar Baffa da ke cikin ambulan ɗin nan na rubuta biyu da ɗaya. Da irin wannan tafiyar sai mu kai shekara uku muna abu guda. Na kuma rubuta karnuka, ko zai huce.

Yaldo

Detroit, 3 ga Disamba, 1957

Yaya Yaldo,

Ina fatan tarin yarinya ya yi sauƙi. Mu ga mu nan cikin dusar ƙanƙara har gwiwa.

Na karanta wa Baba takardarka da murya mai daɗi, har da cewa, "Kash, Baba, yau ba sa'a, biyu da ɗaya." Ya dube ni, ya dubi kujerar nan, sai ya fashe da dariya har da hawaye. Rabon da in ji dariyarsa tun rani.

"Yaron nan bai iya ƙarya ba," in ji shi. "Shida da shida ne. Ɗayan ma sai da ya gangara ya bugi kofin shayi kafin ya tsaya."

In lambobin biyu sun zo iri ɗaya ninkawa ake yi, don haka ya sa hannu ya fitar da huɗu, ɗaya bayan ɗaya, kowanne da saƙonsa. Na ce, "Baba, wannan ai zamba ce, ba haka aka rubuto ba." Ya ce, "Zambar tana cikin takarda, 'yar nan. Ni abin da ya faɗi nake bi."

Saura huɗu. Tun ranar ya daina cin nama, ya ce nauyi yake masa. Ga taku jifar, uku da biyu.

Ka gaya min gaskiya don girman Allah, me ya faɗi a teburinka?

Warina

Detroit, 19 ga Janairu, 1958

Yaya Yaldo,

Mako bakwai ba amsa. Kirsimeti ta zo ta wuce, na toya kuleca, biskit ɗinmu na dabino, na rasa mai ci. Kullum ina bakin taga kamar sabuwar bazawara, har ɗan aiken gidan waya ya fara sunkuyar da kai in ya hango ni. In fushi ka yi da kalmar da na ce ka saba ƙarya, na janye. In ciwo ne, Shoshe ba ta da hannu ne?

Ko shirun naka dabara ce? In dabara ce, ba ta ci ba. Ranar Alhamis tara ga wata, muna karyawa da safe, Baba ya ajiye cokali ya karkata kai kamar mai sauraron ƙwanƙwasa ƙofa. Ya ce, "Biyar da huɗu." Ya tashi ya je ya fitar da biyu. Ba wasiƙa, ba komai. Sannan ya jefa muku, ya matsar da naku da kansa, ya ce ba sai an wahalar da yaro ba, Marogi ya nuna masa inda yake so.

Biyu suka rage, kuma duk suna gidan ƙarshe. Tobiya ya ce a nan ko me aka jefa sun fita. Na yi niyyar ɗauke allon in ɓoye. Na kai hannu ke nan Baba ya ce, ba tare da ya ɗago ba, "In kin rufe shi, ke kika rufe." Na janye hannuna.

Ka yi magana, Yaya.

Warina

Mosul, 10 ga Fabrairu, 1958

Ƙanwata Warina,

Ba ciwo, ba fushi. Kowa lafiya. Tsoro ne ya hana ni ɗaukar alƙalami, ga shi na faɗa.

Shida da shida ne. Kuma ya bugi kofin. Ni kaɗai ne a ɗakin, ko Shoshe ban gaya wa ba.

Da wasiƙarki ta Disamba ta zo, na yi wata guda ina gardama da kaina. Na ce dace ne, sau ɗaya cikin talatin da shida ai yana faruwa, kofi kuwa wa ke wasa ba shayi a gefe? Ranar tara ga Janairu da la'asar, na dawo daga makaranta, na ce bari in gwada don in raba kaina da wannan shirme. Na matsar da namu, na jefa, ban rubuta wa kowa ba. Abin da ya faɗi kin riga kin rubuto min shi. Da na karanta sai da na zauna a ƙasa. Biyun nan ni na fitar da su, Warina, da ƙwaƙwalwar lissafina. Ki yafe min.

Na je wurin wani tsoho makaho a cocin unguwarmu, wanda ya yi aiki da kakanmu yana saurayi. Na tambaye shi dalilin sunan nan. Ya ce shi dai abin da ya ji, 'ya'yan talatin ne kamar kwanakin wata, zar kuma shi ne rabo, ba ya shawara da kowa. Aka ce musu karnuka don inda aka tura su nan suke zuwa, ba sa tambaya, kuma duk nisan yawonsu gida suke komawa. Sai ya ce, "Wa ya rage yana kiransu haka?" Na ce Baffana Oraha. Ya ce, "Oraha ƙanen Marogi? Ai na ɗauka tare suka tafi. Ran Lahadin nan na ji muryarsu su biyu a bayana suna musu."

Ban ƙara minti guda a wurin ba.

Ga abin da na yanke. Ba zan ƙara jefawa ba. Alkawarin da na yi wa Baba na karya shi, Allah ya yafe min, mai rai ya fi. Na naɗe zar ɗin a auduga, na sa a gwangwanin taba, na kulle a akwatin Baba, makullin yana wuyana. In ba jifa, ba wasa.

Yayanki,
Yaldo

Detroit, 6 ga Maris, 1958

Yaya Yaldo,

Allah ya yi maka albarka, ya raya maka zuriya. Jan gashin ma na yafe.

Baba ya gane. Kwanakin farko ya yi ta faɗa, wai an bar manya zaune kamar masu jiran mota. Ya ce in rubuto maka cewa kai ɗan banza ne, to ga shi na rubuto. Amma jikinsa fa? Ran Talata ya ci kubba uku, curin alkamar nan mai nama a ciki. Jiya ya aika a karɓo masa rigar sanyinsa daga maƙwabci, kunya kamar ta kashe ni, daɗi kuma kamar in yi guɗa. Har ya leƙa kanti ya gaya wa Tobiya bai iya jera tumatir ba.

Kujerar dai tana nan. Wani lokaci yakan dube ta ya ce, "Yi haƙuri, yara ne." Ni kuwa in ce a raina, Baffa, ka yi ta haƙuri, shekara goma ma ba ta yi yawa ba.

Ka riƙe makullin nan da kyau. Kada kowa ya taɓa su.

Ƙanwarka,
Warina

Mosul, 15 ga Afrilu, 1958

Ƙanwata,

Barka da Ista. Mun yi murna da labarin kubba, Shoshe har da kuka.

Albishirinki. Na raba mu da abin nan gaba ɗaya.

Ban gaya miki ba don kada in tayar miki da hankali, amma wata biyun nan ban ji daɗinsu ba. Da rana tsaka, gida shiru, sai in ji ƙaras-ƙaras daga cikin akwatin, irin ƙarar da suke yi a tafin hannun Baba kafin ya jefa. A cikin auduga fa suke. Shoshe ma ta ji, ta ce ɓera ne, amma ta daina shiga ɗakin ita kaɗai. Ran Asabar kuma masu shafen bango suka ɗaga akwatin za su matsar, ɗayansu ya yi tuntuɓe, saura ƙiris ya kife. Na ga muddin suna cikin gidan nan, wata rana sai sun zube a ƙasa, ko ta hannun yara ko ta hannun baƙo.

Yau da la'asar na fitar da su daga gwangwanin, na dunƙule a hannu, na tafi tsakiyar gada. Kogin Dijla ya cika ya batse, ruwan jajir saboda laka. Na wurga su iya ƙarfina. Yanzu ba hannun da zai ƙara kai wa gare su har abada. Na dawo gida da sauƙin zuciyar da na manta irinsa, na ci tuwon alkama kwano biyu.

Ki gaishe da Baffa, ki ce ɗan banza na gaishe shi, ya ci gaba da cin kubba.

Yayanki,
Yaldo

Detroit, 18 ga Afrilu, 1958

Yaya Yaldo,

Ina fatan kuna lafiya. Ban san ko akwai wasiƙarka a hanya ba, ba zan iya jira ba.

Baba ya rasu ranar Talata, sha biyar ga wata. Jiya muka binne shi.

Lafiyarsa ƙalau ya tashi. Ya yi aski, ya sha shayi, yana tsokanar Tobiya a kan tumbinsa. Wajen ƙarfe tara ina share tebur, sai ya ɗaga hannu ya ce in yi shiru. Ya karkata kai. Ya daɗe a haka, fiye da kullum, har na ce, "Baba, lafiya?"

Ya ce, "Suna nitsewa. Dakata su kai ƙasa."

Na tsaya da tsumma a hannu. Can ya yi murmushi ya ce, "Uku da ɗaya. Marogi, ɗanka ya iya jifa, tun daga sama haka."

Na riƙe masa hannu. Wallahi na riƙe, da hannuna biyu, ina cewa ƙarya ne, Yaldo ya kulle su, makullin na wuyansa. Ya ce, "Sake ni, Warina, an jefa." Ban san tsoho na da ƙarfi haka ba. Ya fitar da biyun, wannan karon bai ba su saƙo ba. Ya kwashe duka talatin ɗin ya zuba a ciki, ya rufe allon, ya sa ƙugiya. Ya jingina da kujera. Kafin in kira Tobiya daga ƙofa, shi ke nan.

Ba zarginka nake ba. Na san ba za ka jefa ba, ka yi min alkawari, kuma na gaya wa kowa a gidan makoki cewa ɗan'uwana na Mosul ya yi iya ƙoƙarinsa. Amma abin ya tsaya min a rai, na kasa ci na kasa sha. Ka je ka buɗe akwatin nan ka duba min, ka rubuto ka ce suna nan a cikin audugarsu, ko na samu in yi kuka kamar kowa.

A ina abu zai nitse a cikin akwati, Yaya?

Warina